Daga Damagaram zuwa Abzin da Tenere cikin kwana goma: ta ina za a fara?

"Assalamu alaikum Baba. Ni malamin makaranta ne a nan Damagaram, ina zaune a unguwar Birni. Mu huɗu ne, mun daɗe muna tara kuɗi don mu zaga ƙasarmu a hutun watan Disamba. Ɗayanmu yana da Hilux mai shan gazwal, lafiyarta ƙalau. Kwana goma muke da su. Burinmu mu fara da dutsen Tarmit, mu wuce Agadas, mu ga ruwan da ke zuba a Timiya da kwazazzaban Abzin, mu tsaya wurin itaciyar Tenere, mu kai Bilma, mu dawo gida. Na auna a taswirar waya, na ga in muna cin kilomita 300 kullum za mu gama. Ta ina ya kamata mu fara, kuma me za mu riƙa?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya yi albarka, ya cika muku wannan buri. Na ji daɗin tambayar nan ƙwarai. Shekara ashirin da ƴan kai na yi ina jan mota tsakanin Damagaram, Agadas da cikin Abzin, kuma yawancin waɗanda na ɗauka don kallon ƙasa Turawa ne. Ƴaƴan ƙasa kuwa sai fatauci, ko neman zinariya, ko aikin gwamnati ke kai su can. To a ce yau malamai huɗu daga Birni sun tara guminsu don su ga ƙasarsu da idonsu, su dawo su ba yara labari a aji, wannan abin a taimaka ne.

In na fahimce ka, abu uku ka dunƙule wuri guda: ko wuraren nan duka za su shiga kwana goma, wace hanya za a bi, sai kuma guzuri. Bari in fara da na farkon, don shi ke ɗauke da sauran. Ba za su shiga ba. Abin da ka lissafa tafiya uku ce daban-daban, kowace da shirinta da mutanenta, kuma taura biyu ma ba ta taunuwa balle uku.

Inda kilomita ke yaudarar mutum

Lissafinka na kilomita 300 a rana daidai ne a kan kwalta. Daga nan zuwa Agadas ta Tanut da Adarbisinat kimanin kilomita 450 ne, in hanya na da kyau kuka tashi bayan sallar asuba, kafin magariba kun shiga gari. Amma daga Agadas zuwa Timiya, abin da bai wuce kilomita 220 ba, wuni sukutum yake ci, wani lokaci har da kwana a hanya. Duwatsu ne baƙaƙe masu yanka taya, sai a gangara cikin ƙorama busasshiya a yi ta nitso cikin rairayi, a sake hawa tsauni da giya ta ɗaya. Akwai wuraren da in ka ci kilomita 20 a awa guda ka yi ƙoƙari. Taswirar waya tana ja maka layi ne kawai, ba ta san cewa ruwan bara ya cinye gangaren da ake bi ba.

Na san abin da ke jawo irin wannan lissafi. Kuna ganin hotunan gandun daji na ƙasashen waje, irin babban kwazazzabon nan na jihar Arizona a Amurka, inda kwalta ke kai mutum har bakin rami, ga ƙofar shiga, ga masauki, ga famfo. Namu ba haka yake ba. Gandun Abzin da Tenere, wanda aka kafa a 1988, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 77,000. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1991, shekara guda bayan haka ta mayar da shi jerin waɗanda ke cikin haɗari saboda tawayen da ake yi a lokacin. Duk girman nan babu ƙofa, babu kwalta, babu gidan mai a cikinsa. Kana iya shiga ka fita ba ka san ka tsallaka iyakarsa ba.

Don haka mu da muka yi aikin nan ba ma tsara tafiya da kilomita. Da zango muke tsara ta, yadda madugai suka yi tun kafin mota. Kai ɗan Damagaram ne, ka san unguwar Zango daga saukar ayari ta samo sunanta. Madugu idan zai tashi tambayarsa uku ce: ina rijiya ta gaba, ina za a kwana, wa ke da ƙasar da za a ratsa. Mai mota ya ƙara ta huɗu: ina zan sake samun mai. Duk wurin da kuke sha'awa, in bai faɗo tsakanin zango biyu da kuka tabbatar da su ba, ku cire shi daga lissafi komai kyansa.

Tafiya ukun da ka haɗa

Tarmit gabas take, ta ɓangaren Gure. Ana bin kwalta ta Miriya da Gidimuni zuwa Gure, kimanin kilomita 160, daga nan a saki kwalta a nufi garin Taskar cikin rairayi, sannan a ƙarasa dutsen. An ayyana gandun Tarmit da Tin Tumma a watan Maris na 2012, da faɗin kusan murabba'in kilomita 97,000 a wancan lokaci, kafin a sake shata iyakarsa a 2019 saboda aikin man fetur na Agadem. Abin da ya sa duniya ta san shi wata dabba ce fara mai murɗaɗɗen ƙaho da ake kira adaks, wadda take iya daɗewa ƙwarai ba ta sha ruwa ba, tana samun laima daga ciyawar da take ci. Ragowarta ta ƙarshe a daji a nan take. Ƙidayar da aka yi a 2016 uku kacal aka gani. Ina faɗa maka wannan don kada ku je da tsammanin ganin garke. In Allah ya sa kun dace za ku ga barewa, ko sawun ragon dutse a kan tsauni. Wuri ne mai kwarjini, baƙin dutse a tsakiyar jan rairayi, amma zuwa da dawowa da ɗan zama yana cin kwana shida zuwa bakwai, da izinin jami'an gandun daji, da jagora daga cikin Tubawa ko Larabawan yankin. Tsakanin Tarmit da Agadas kuma babu hanya da baƙo zai bi. Ko dai a dawo Damagaram a sake ɗaukar hanyar Tanut, ko a yanki jeji wanda ni kaina ba na shigarsa sai da motoci uku da ɗan ƙasa a gaba.

Bilma ita ce tafiya mafi nauyi. Daga Agadas ana ratsa Tenere tsawon kusan kilomita 600, ta Fashi in an bi hanyar ayarin gishiri, ko ta Dirku in an bi hanyar manyan motoci. Masu zuwa Dirku sun saba jiran rakiyar sojoji da ke tashi daga Agadas ranar Litinin, kuma ba don nishaɗi suke jira ba. Itaciyar Tenere da ka ambata tana kan wannan hanya. Gara ka sani tun yanzu cewa itaciyar ba ta nan. Ita kaɗai ce tsaye a fili na ɗaruruwan kilomita, har wani direban babbar mota ya banke ta a 1973. Kututturenta yana gidan tarihi na ƙasa a Yamai, a wurinta kuma an kafa ta ƙarfe kusa da rijiya. Wurin yana da daraja ga wanda ya san tarihinsa, na sha tsayawa can in yi shiru ina tuna ayarin da suka huta a inuwarta. Amma ban yarda mutum huɗu da mota ɗaya su sa ransu a kai don ita ba.

Saura Abzin. Ita nake ba ku shawara, kuma ba don ta fi sauƙi kaɗai ba. Abin da ka fi ambata a tambayarka, kwazazzabai da ruwa mai zuba daga dutse, a can suke. Akwai garuruwa da lambuna da rijiyoyi kusa-kusa, in mota ta lalace akwai wanda zai wuce ya gan ku. Kusan ko'ina kuma ana jin Hausa.

Kafin komai, labarin hanya

Abin da zan faɗa a kan hanyoyi da rijiyoyi yana daɗewa bai canza ba. Labarin tsaro kuwa na mako guda ne, ba a ɗaukarsa daga rubutu, ko nawa ne. Tun da aka fara haƙar zinariya a Jado a 2014 da kuma Cibarakaten, zirga-zirga ta ƙaru a arewa, ƴan fashi masu tare hanya ma suka ƙaru, kuma irin motarku ita suka fi so. Ga kuma nakiyoyin da aka binne lokacin tawayen 2007 zuwa 2009 a arewacin Abzin, lokacin da mutanen Iferwan suka watse suka bar garinsu. An yi aikin cire su, amma har yau ƙa'idarmu ita ce taya ta bi sawun taya. Kada wani ya ce a yanke ta nan ya fi kusa.

Saboda haka tun kuna Damagaram ku je tasha ku sami direbobin da suka shigo daga Agadas jiya, ku tambaye su halin kwalta da shingaye. In kun isa Agadas ku gabatar da kanku wurin jandarma, ku faɗi inda za ku da ranar dawowa, ku ji abin da za su ce. In suka ce kada a wuce wuri kaza, magana ta ƙare, ku juya shirinku. Katin ɗan ƙasa, lasisin tuƙi, kart-giriz da takardar asirans su kasance a jaka guda kusa da direba, don za a tambaye su sau da yawa.

Sai jagora. Da ɗan gari akan ci gari. Ku nemi Ba'abzine wanda danginsa ke Timiya ko Iferwan, ta hannun wanda kuka amince da shi, ku yi ciniki a fili kafin a tashi: kuɗin rana, abincinsa, da yadda zai koma gida. Aikinsa ya wuce nuna hanya. Shi zai sauka ya gaisa da mutanen rugar da kuka tarar, daga gaisuwar nan ya san wace mota ta wuce da safe, wace rijiya ta ƙafe, inda bai kamata a kwana ba. Kuɗin jagora shi ne na ƙarshe da za ku yi tunanin ragewa.

Yadda zan raba kwana goman

Ranar farko ta kwalta ce. Za ku wuce matatar man Soraz da aka buɗe a 2011, ku ci abinci a Tanut, ku cika tanki a can ko da bai yi rabi ba. Ku lura da yadda gonakin geron Damargu ke raguwa har su ƙare, makiyaya su karɓi fili, kafin ku sauka gangaren Tigidit ku hango Agadas. Kada dare ya same ku a hanya. Raƙuma da jakuna suna kwanciya a kan kwalta, ga ramuka.

Rana ta biyu gaba ɗaya ku bar wa Agadas. A nan ake ganin hukuma, a haɗu da jagora, a sa bakanike ya sake duba ƙarƙashin mota bayan girgizar jiya. In an gama, ku shiga tsohon gari, wanda UNESCO ta karɓa a 2013. Hasumiyar babban masallaci ta laka ce tsantsa, tsawonta mita 27, asalinta tun ƙarni na 16, an sake gina ta a 1844. Matakalarta tana ƙara matsewa yayin da ake hawa, daga sama kuma ana ganin duwatsun da za ku shiga gobe. Tunda ku malamai ne, ku nemi a nuna muku gidan da Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka a 1850, wanda daga baya ya zo Damagaram ma.

Rana ta uku ku nufi Timiya ta Elmiki. Ni ba na matsa wa wannan hanya. In la'asar ta yi kuna nesa, jagora ya zaɓi wurin kwana, gobe a ƙarasa da sanyin safiya. A Timiya ku yi kwana biyu cur, don a nan ne tafiyar za ta biya ku. Garin yana cikin kwari, duwatsu sun kewaye shi, a bisa tudu ga tsohuwar ganuwar da Faransawa suka gina. Lambunan suna bin gefen ƙorama, raƙumi ko sa yana jan guga daga rijiya, ruwa na bin ƴan magudanai zuwa gindin lemo da rumman da dabino. Disamba lokacin lemo ne, za ku ci har ku yi tsaraba. Wurin zubar ruwan yana ɗan nesa kaɗan da gari. Da kaka ya fi ƙarfi, zuwa hunturu ya ragu, amma tafkin da ke gindin dutsen yana nan da ruwa mai sanyin ƙanƙara. Ku ajiye mota ku shiga kwazazzabon da ƙafa, da rana tsaka ma inuwa ce a ciki. Mutanen garin nan ne ke cikin masu kai raƙuma Bilma ɗauko kantun gishiri da dabino, su gangaro da su kudu su musanya da gero. Ku zauna shan shayi da dattijon da ya ratsa Tenere sau goma a ƙafa yana jan akala, abin da zai gaya muku game da Bilma ya fi abin da za ku gani ta gilashin mota cikin gaggawa.

Daga Timiya, in labarin hanya ya yi kyau, rana ta shida ku yi arewa ta kufan Asode, tsohon birnin Abzin da yanzu sai bangayen dutse da ragowar masallaci, ku kwana Iferwan. Nan ne za ku yanke shawara a kan rairayi. Manyan tuddan Temet da Arakaw, inda Tenere ke zuwa ta jingina da dutse, suna gabas da tsaunukan, kuma ba a zuwa da mota ɗaya. In kun sami mota ta biyu a Iferwan da za ta raka ku, jagora ya yarda, hukuma ta yarda, ku ba abin kwana guda ku ga bakin Tenere. In ba haka ba ku haƙura. Dawowa ta Gugaram ake fitowa kan hanyar Arlit zuwa Agadas, a ratse a Dabus a ga raƙuman dawa biyu da mutanen dauri suka sassaƙa a jikin dutse shekaru dubbai da suka wuce, babban ya haura mita 5. Yaranku na aji za su so jin cewa inda yau babu ciyawa, raƙumin dawa ya taɓa kiwo. Rana ta takwas kuna Agadas, ta tara kuna gida.

Rana ta goma kada ku sa mata komai. Ta taya ce da ta fashe, ta hazon da ya rufe hanya, ta wanda cikinsa ya ɓaci. A tafiye-tafiyena da wuya in dawo ban ci wannan ranar ba.

Ruwa, mai da mota

Ɗan Damagaram ba a koya masa darajar ruwa, mun san layin jarka da jiran famfo cikin dare. Amma a hunturu mutum yana ruɗuwa, sanyi ya hana shi jin ƙishirwa alhali busasshiyar iska tana tsotse shi. Ni lita 10 nake lissafa wa kowane mutum a rana, sha da girki da ɗan wanke hannu. Ku biyar ne da jagora, lita 50 ke nan kullum. A kan wannan ku ɗora ruwan kwana uku da ba a taɓawa sai an shiga matsala, da jarka guda ta lagireto. Ku rarraba shi cikin jarkoki masu lita 20, kada ku zuba duka a ganga ɗaya, don in ta tsage a kan dutse kun rasa komai lokaci guda. Duk rijiyar da kuka tarar ku cika, ko da jarka ɗaya ce ta ragu, kuma ku jira makiyayi ya gama shayar da dabbobinsa ko ya ba ku wuri. Inda ruwa ya yi ƙaranci addini ya sauƙaƙa, ga taimama ga kasaru, ku tambayi malaminku hukuncinsu kafin ku tashi.

Ba na yin wannan magana ba tare da na tuna watan Oktoban 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawa 92 a arewacin Arlit kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, da dama daga yankin Kance, nan kusa da mu. Motocinsu ne suka lalace, ruwa ya ƙare, suka watsu a ƙafa neman rijiya. Allah ya jiƙansu da rahama. In mota ta mutu muku a inda babu kowa, ku zauna wurinta. Ku yi inuwa da tabarma ko tanti, ku rage motsi da rana, ku sha ruwa da awo. Mai nema yana hango mota daga nesa, mutum a ƙafa kuwa ɓacewa yake.

Mai kuma, motar da ke shan lita 11 ko 12 a kilomita 100 bisa kwalta, a hannuna takan kai 18 zuwa 20 cikin rairayi mai laushi da kaya a baya. Ku yi lissafi da babban adadin, ku ƙara kashi ɗaya cikin uku a kai. Bayan Agadas sai man jarka a ƙauyuka, mai tsada, wani lokaci da ruwa ko ƙasa a ciki. Ku tace shi da ƙyalle mai tsabta, ku riƙe filtar gazwal biyu sababbi.

Ka ce lafiyar motar ƙalau. Lafiyar cikin gari daban take da ta dutse. Tayoyin safaya biyu, ba ɗaya ba, da kayan faci da famfon iska. Jak mai ƙarfi da guntun katako da za a ɗora shi a kai don kada ya nutse. Shebur, igiyar ja, faifan ƙarfe biyu na fidda taya daga rairayi, bel ɗin inji, man inji da na birki, waya da roba na ɗauri. A sa bakanike ya duba sifirin da kuloci musamman, don su ne ke fara gajiya. Kaya masu nauyi a ƙasa kuma a gaba, kada a tula su bisa rufi. In kun shiga rairayi ku sauka ku rage iskar taya har ku ga cikinta ya ɗan baje, wajen kilo ɗaya da ɗigo biyu, ku sa giyar ƙarfi tun kafin mota ta fara nishi. Da zarar kun fito kan dutse ku mayar da iskar, in ba haka ba gefen tayar zai yage. In ta kafe, direba ya ɗaga ƙafa nan take. Ƙara wuta rami kawai yake haƙawa. A tone gaban tayoyi, a sa faifai, a fita a hankali. Rairayi ya fi tauri da sassafe, don haka wuri mai wuya da safe ake ratsa shi.

Rezo yana yankewa da an bar manyan garuruwa. Ku yi hayar wayar Thuraya, mai aiki da tauraron ɗan'adam, a Agadas, ku gwada ta a gaban mai ita, ku rubuta lambobin da za ku kira a takarda. Ku riƙe kuɗi a hannu, da canji ƙanana. Guzuri kuwa wanda ba ya lalacewa: shinkafa, taliya, gari, ƙuli-ƙuli, kilishi, dabino, cuku, sukari da ganyen shayi mai yawa, don shayi da sukari su ne kyautar da ake yi wa mai masauki a can. Gawayi ku saya a gari, kada ku sare itacen gandu. Bargo biyu-biyu da rawani, domin sanyin dare a Abzin cikin Disamba da Janairu yana kusan daskarar da ruwa, musamman wajen tsaunin Bagzan inda ƙololuwar ƙasar nan take, mita 2,022. Ni ba likita ba ne, don haka maganar magunguna ku kai wa ma'aikacin asibiti ya haɗa muku, har da na zawo da gishirin haɗi da na zazzaɓi. Wanda ke da hawan jini ko ciwon sukari a cikinku ya ga likitansa tukuna. Da safe a kakkaɓe takalmi saboda kunama.

Wurin kwana

Wannan zan ɗan tsaya a kansa, don kwazazzabo kuke nema. Cikin ƙorama busasshiya ya fi ko'ina daɗin kwana: rairayi mai laushi, inuwar itace, ga kariya daga iska. Wata shekara cikin watan Agusta na sauka da baƙi a irin wannan wuri kudu da Timiya. Sama garau, taurari kamar ka miƙa hannu. Jagoranmu ya gama sallar isha'i, ya daɗe yana kallon arewa inda ake walƙiya can nesa ba a ko jin tsawa. Sai ya ce a kwashe shimfiɗa a hau tudu, har mota. Baƙin suka yi gunaguni, ni ma gajiya ta kama ni, amma na tada mota. Wajen ƙarfe biyun dare muka ji ƙugi kamar manyan motoci na tahowa a jere. Da muka haska fitila, inda muka dafa shayi ruwa ne ja yana tafe da itatuwa da duwatsu, ya kai ƙirjin mutum. Ko ɗigo bai sauka a kanmu ba, a kan tsaunuka aka yi ruwan. Irin wannan ne ya sa ƙoramar Telwa ta yi ambaliya ta rushe gidaje masu yawa a Agadas a farkon Satumban 2009.

A Disamba da wuya ku gamu da haka, lokacin da kuka zaɓa shi ne mafi kyau a shekara, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Duk da haka ku saba da kwana a gefen ƙorama bisa tudu, nesa kaɗan da hanya, ku sauka tun da sauran rana don ku ga abin da ke kewaye da ku. In kusa da ruga ne, jagora ya je ya yi sallama a san da ku. Kada ku ɗauki hoton mata ko tanti sai an ba ku izini, kuma duk leda da gwangwani ku dawo da su Agadas.

Kafin ku bar gida, ku rubuta zangunan nan da ranakunsu a takarda guda, ku bar ta hannun mutum ɗaya mai natsuwa a Damagaram, da lambar jagora da lambar motar. Ku yi alkawari da shi cewa kowace magariba za ku kira, in kwana biyu suka wuce bai ji ku ba ya kira jandarman Agadas ya faɗi zangon ƙarshe da kuka yi magana daga shi. In kuna da hali, mako biyu kafin tafiyar ku loda motar da nauyin da za ta ɗauka, ku fita bayan gari wajen rairayin hanyar Tanut, kowannenku ya gwada rage iska da canza taya da fidda ta in ta kafe. Tarmit kuma ku ajiye ta hutun baɗi, ku nemi mota ta biyu tun yanzu. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, ku gaishe min da mutanen Timiya.